Ruwan Da Ya Ƙi Hawa Tanki

Shafi na 17

Salamu alaikum 'ya'yana da jikokina. Na ga saƙonninku, har da na masu yi mini tsiya. To ku matso ku gyara zama, don yau ran Bara'atu a ɓace yake.

Kwana tara ke nan da aka ɗora tanki a Tudun Gawo, kwana tara ko ɗigo bai shiga cikinsa ba.

Ba wai injin sola ba ya aiki ba ne. Yana yi, kowa na jin gurnaninsa a cikin rijiya. Ruwan yakan taso, ya wuce bakin rijiya, ya kama bututun da ya miƙe zuwa tanki. In ka dafa bututun za ka ji sanyi har inda hannun dogon mutum ke kaiwa. Daga nan zuwa sama kuwa zafi rau, babu komai. Famfunan da aka ja har cikin gari, don mata su huta da fitowa bayan gari a wannan zamani da ba ka san wanda za ka ci karo da shi ba, sai iska suke hurawa.

Kuma kaf garin an san wadda ta yi lissafin ƙarfin injin da aka sayo. Bara'atu ce, malamar fiziks da ke koyarwa a Batsari. Mai Unguwa Jafaru ya riga ya yi shela: yau bayan la'asar, a bakin rijiya, za a kira sunan mai laifi a gaban kowa.

Ko tsayawa ɗan acaɓa bai gama yi ba Bara'atu ta diro a bakin rijiya.

Yasir, mai haɗa sola da aka ɗauko daga Batsari, yana zaune a inuwar tanki yana cin rogo da ƙuli. Yana hango yadda take taku ya ajiye ledar.

"Malama, barka da..."

"Bututu nawa ka zura a cikin rijiyar nan?"

"Ko gaisawa ba za mu yi ba?"

"Nawa ka zura?"

Ya shiga sosa ƙeya. "Ai yadda kika rubuta."

"Biyar na rubuta. Biyar masu mita uku-uku. Yanzun nan na biyo ta shagon da aka yi sayayyar, mai shagon yake ce mini, Malama, ƙarin ukun nan dai sun isa ko? Wane ƙarin uku, Malam Yasir?"

Ya kau da kai.

"Da kai nake!"

"Don Allah ki rage murya."

"Ba zan rage ba! Kwana tara mata na yi mini waƙa a bakin turmi. Jiya wata ɗalibata ta tambaye ni wai da gaske ne takarduna na saye ne. Kai kuwa kana nan kana cin rogo!"

Ya waiga dama, ya waiga hagu, sannan ya yi ƙasa da murya.

"Na zura biyar ɗin. Wallahi inji yana lilo a iska, ko ƙanshin ruwa bai ji ba. Na ce a kira ki. Aka ce in na kira ki ba a yafe mini ba."

"Wa ya ce?"

"Na faɗa masa injin nan ba zai iya ba. Ya ce inji ya san zurfi ne? In ƙara bututu in ja bakina."

"Na ce wa ya ce?"

"Malama, ya girmi ubana. Kuma sai da ya rantsar da ni."

"To kar ka faɗa. Wa ke tsaye a kanka ranar?"

Idon Yasir ne kawai ya tafi wajen zauren nan mai ƙofar kara, wanda aka jingine diga da tsofaffin guga a jikinsa.

Bara'atu ta bi idonsa da kallo.

Zauren Baffa Mamman ne. Ƙanin mahaifinta, wanda ya riƙe ta tun tana goye, bayan rasuwar uban. Shekara arba'in yana haƙar rijiya daga Karare har Runka, shi ya sa ake ce masa Sarkin Rijiya. Da digar nan ya ɗauki nauyin karatunta, lokacin da rabin garin ke yi masa dariya.

Ta same shi zaune a kan buzu yana tufka igiya.

Kun san tarbiyya ba ta barin mutum ko yana tafasa. Ta tuɓe takalmi ta durƙusa.

"Baffa, ina wuni."

"Lahiya lau, ɗiyata. Kin taho lahiya?"

"Lafiya lau."

"Ya hanya? Ba a ji komi ba dai?"

"Ba a ji ba."

"Ya yaran makaranta?"

"Suna nan."

"To madalla. Mi ya samu huskarki?"

Ta ɗago. "Baffa, ranar da na bugo maka waya, na ce daga bakin rijiya zuwa fuskar ruwa nawa ne, me ka ce mini?"

Hannunsa ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba da tufka.

"Sha biyu na ce."

"Sha biyun me?"

"Sha biyun mi kuma? Tun kakannin kakanni da mi aka auna rijiya? Gaba mana."

"Gaba."

"Gaba sha biyu cif. Ni na haƙa ta, ni ka yashe ta."

Bara'atu ta runtse ido. Innalillahi. Ta miƙe ta ciro igiyar awonsa da ke rataye a ƙusa, mai ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli gaba ɗaya, wato buɗin hannayensa biyu daga yatsa zuwa yatsa. Ta zaro tef ɗin awo daga jakarta ta shimfiɗa tsakanin ƙulli biyu.

"Ke, aje man igiyata. Ba abin wasa ba ce."

"Mita ɗaya da santimita tamanin," ta ce. "Gabanka ɗaya ya kusa mita biyu, Baffa. Ni kuwa mita sha biyu na rubuta."

"Wanga kuma ke ta shafa."

Ta ɗauki guntun gawayi a bakin murhun shayinsa, ta durƙusa ta fara rubutu a daɓen zauren, tana yi tana danna gawayin har yana murƙushewa.

"Tankin nan lita dubu biyu yake ci. Nauyin ruwan kilo dubu biyu ke nan. Ƙasa tana jan kowane kilo, a lissafi goma muke sa wa jan nan. Sai tsawon da za a ɗaga ruwan, daga inda yake kwance zuwa inda ake so ya je. Nauyi, sau goma, sau tsawo. Shi ke nan aikin da inji zai yi, da jul ake auna shi."

"Ni ɗalibinki ne?"

"Na ce rijiya mita sha biyu, ƙafafun tanki mita shida, sha takwas. Ya ba ni jul dubu ɗari uku da sittin. Har na yi wa abin rara, na ce a sayo injin da zai iya tura ruwa mita ashirin da huɗu. Ashe rijiyar kaɗai ta cinye ashirin da ɗaya da ɗoriya! A sa shida, an doshi ashirin da takwas. Jul dubu ɗari biyar da hamsin da biyu! Shi ya sa yake leƙowa ya tsaya. Iyakar ƙarfinsa ke nan, bawan Allah."

Baffa ya yi tsaki. "Ni ban san wani jul ba. Abin da na sani, ruwa ruwa ne. In hanya ta kai gare shi, ya biyo ta."

"Rijiyar da ka haƙa a Darini gaba nawa ce?"

"Shida."

"Da ita da wannan, wacce ta fi cin kafaɗa in ana jan guga?"

"Wagga mana. Tambayar yara."

"To ranar da ƙarfinka ya ƙare a tsakiyar ja, in aka ƙara maka igiya, an ƙara maka ƙarfi?"

Baffa ya ci gaba da tufkarsa.

"An ƙara maka ƙarfi, Baffa?"

"Kar ki ɗaga man murya cikin zaurena."

"Bututu uku ka sa aka ƙara! Ka ga bai kai ba, ka san akwai abin da ya karkace, ka hana a kira ni, ka rantsar da mutum!"

Sai ga tsoho ya yi jifa da igiyar da ke hannunsa.

"To shi ɗan bakin ganga ya faɗa maki!"

"Bai faɗa ba. Mai shago ne ya tona."

"Asirinki na rufa, marar godiya! Asirinki!"

"Nawa?"

"Na wa in ba naki ba? Na ga bututu na lilo, na ce shi ke nan, ɗiyar ga ta yi kuskure. Kin san mutum nawa ka jiran ranar ga? Waɗanda sunka ce Mamman ya haukace, yana shiga rami yana hitowa don ya kai mace boko? Na ce wallahi ba su ganin bayanki ina raye. A ƙara bututu, ruwa ya hau, kowa ya kama gabanshi."

"To ya hau?"

"Ban san ba ya hawa ba!"

"Da ka tambaye ni!"

"Ke kin tambaye ni?"

Maganar ta daki Bara'atu kamar mari.

Baffa ya nuna ta da yatsa. "Ƙwarai, ke. Da bakinki kin ce Baffa sha biyun mi? Ba ke ka zama nan kina ba mu labari ba, wai duk yaron da ya rubuta lamba bai faɗi ko ta mi ce ba, sihili kike ba shi da jan biro? Gidan mahaƙin rijiya kinka tashi. Da igiyar ga kinka yi wasa kina rarrafe. Boko ya mantar da ke da mi ubanki ka awo!"

In ɓera da sata, jama'a, daddawa ma da wari. Bara'atu ta san gaskiya ya faɗa, kuma sanin nan shi ya ƙara hura mata wuta.

"Na yarda. Ban tambaya ba. Amma kuskurena na yini ɗaya ne, Baffa. Da an kira ni ranar, injin ko jiƙewa bai yi ba. A mayar da shi kwalinsa, a kai Batsari, a canzo babba. Yanzu fa? Kwana tara yana cikin ruwa yana ƙugi. Wa zai karɓe shi? Awakin da matan garin nan suka sayar, wa zai dawo musu da su?"

Baffa ya sunkuya ya ɗauki igiyar da ya jefar.

"Kuma kana ji ana zagina. Kana zaune a zauren nan aka wuce ana waƙar Malama Sifili. Ka ji ko ba ka ji ba?"

"Na ji."

"Ka yi shiru."

"In ce mi? In ce ni Sarkin Rijiya na ga rami ya hi awo na ɓoye? Wa ka sake ba ni rijiya? Wa ka sake zura ɗanshi cikin rami a kan maganata?"

"Ashe ba asirina kaɗai ake rufawa ba."

Baffa ya miƙe tsaye. Tunda take ba ta taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba.

"To tahi ki faɗa. Ga la'asar nan ta taho. Ki tsaya gaban Jafaru da matan gari ki ce Mamman ne. Ki tuɓe man rawani da hannunki. Ai kin girma, kin iya lissahi."

Aka kwaɗa kiran salla. Ta saka takalminta ta fita, ko sallama ba ta yi masa ba.

Ana idarwa gari ya taru a bakin rijiya. Maza a inuwar gawo, mata a gefe da jarkoki wayam, sun jera su da gangan don a gani. An shimfiɗa wa Mai Unguwa Jafaru darduma. Baffa Mamman yana damansa, inda ya saba zama, ya naɗa rawani yana jan carbi. Yasir kuwa ya raɓe can bayan ƙafar tanki kamar a ce kyat ya ruga.

Mai Unguwa bai gama buɗe taro da addu'a ba Zinariya ta miƙe. Ita ce shugabar matan garin, ita ta bi gida-gida har aka haɗa abin sayen injin, kuma bakinta ko reza albarka.

"Ranka ya daɗe, a gajarce mana. Mu da ke fitowa nan da hantsi gabanmu na faɗuwa, mu za a tambaya. Shekaranjiya ƙarar babura muka ji, muka watsar da jarkoki, Nana Hadiza ta faɗi da tsohon ciki. An ce mana in an sa inji mun huta. Ga inji. Ina ruwa? Ko a sama za mu riƙa lasar tankin?"

Mata suka ɗauka: "Faɗa musu, Zinariya!"

"An ce a bar wa 'yar boko lissafi. Mun bari. Ni da ban san bihim ba, da guga da igiya ban taɓa kwana da ƙishi ba. Malama, ina alƙalamin? Ko shi ma ya ƙi hawa?"

Aka bushe da dariya, dariyar da babu daɗi a cikinta.

Mai Unguwa ya ɗaga hannu. "Ya isa. Bara'atu, taso."

Ta taso.

"Ranka ya daɗe, a yi ta dariya. Amma duk wadda ta ce takarduna na saye ne, ban yafe ba. Lissafin da na yi daidai yake. Lambar da na zuba a cikinsa ce ba daidai ba."

"Yi mana da Hausa," in ji Zinariya.

"Da Hausa nake yi. An ce mini zurfin rijiya sha biyu. Gaba ake nufi, ni kuma na ɗauka mita ce. Gaba ta kusa ninka mita. Sai na sa aka sayo injin da ƙarfinsa bai kai ya ɗaga ruwa daga can ƙasa har tanki ba. Kamar a ɗora wa ɗan jaki kayan raƙumi ne."

Wani daga cikin maza ya ce, "To a sauko da tankin mana!"

"In an sauko da shi, da wane ƙarfi ruwan zai gangara har cikin gari? Tsawon nan shi ne ƙarfinsa. Ka sauke shi, matanku su ci gaba da fitowa nan."

Mai Unguwa ya gyara zama. "Wanda ya ce miki sha biyu, ya yi ƙarya?"

"Bai yi ba. Gaba sha biyu ce cif."

"To laifin wa ke nan?"

Ba ta dubi inda Baffa yake ba.

"Nawa ne. Ni ce ban tambaya ba. In suna ake so a kira, a kira nawa."

Wuri ya kaure. Wasu na salati, wasu na cewa dama mun faɗa. Wata ta ce gobe 'yarta ba za ta sake zuwa darasin yamma wurin Bara'atu ba. Mai Unguwa ya buɗe baki zai yanke magana.

"Tsaya, ranka ya daɗe."

Zinariya ce. Ta matso har tsakiyar fili, ta riƙe ƙugu.

"Ni ban yi boko ba, amma ba a yi mini wayo a ƙirge. Ranar da aka kawo kaya, ina tsaye aka sauke bututu biyar daga a-kori-kura. Washegari da sassafe na ga uku ɗaure a bayan babur. Wanda ya sa aka ƙaro ukun nan ya san rijiyar ta fi takarda zurfi. Ya sani tun inji yana sabo fil, tun ana iya mayar da shi. Ita kuwa wannan tana Batsari ranar, ni na raka ta bakin hanya." Ta juyo ta dubi Bara'atu sama da ƙasa. "Na zage ki, kuma ban janye ba. Amma ba zan bari ki ɗauki kayan wani ki haɗa da naki ba. Wa ya gani ya yi shiru?"

Gurnanin injin nan kawai ake ji daga cikin rijiya.

"Yasir," in ji Mai Unguwa. "Fito."

Ya fito yana jan ƙafa, ya zube.

"Kai ka ƙara bututu?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Da izinin wa?"

"Ranka ya daɗe... an rantsar da ni."

"La'ilaha illallahu! A garina?"

"A yi mini rai. Ko kashe ni za a yi, ba zan karya rantsuwa ba."

Mai Unguwa ya daɗe yana kallonsa. Sannan a hankali ya juyo.

"Bara'atu."

"Ranka ya daɗe."

"Ke ba a rantsar da ke ba. Kuma tunda nake ban taɓa jin kin yi ƙarya ba. Kin san mutumin nan?"

Sai a lokacin ta dubi Baffa. Carbin ya tsaya a hannunsa. Bai sunkuyar da kai ba, bai yi mata alamar roƙo ba. Ido cikin ido yake kallonta, irin kallon da yake yi wa rami kafin ya shiga.

Zuciyarta na cewa faɗi, kwana tara ya bar ki a bakin duniya. Wata zuciyar na nuna mata tafin hannunsa, duk ya yi kanta saboda riƙon diga.

"Da ke nake, Bara'atu. Kin san shi?"

"Na san shi."

Mata suka ja numfashi gaba ɗaya. Mai Unguwa ya ajiye sandarsa a kan darduma.

"To kira sunansa."